Ruwan da Rahama Ta Zana

Famfon Tudun Ƙirya ya shekara biyu a tsaye bai taɓa ɗiga ba. An haƙa rijiyar burtsatse, an gina dakalin siminti mai kawunan famfo uku, an ɗora tanki a kan hasumiyar ƙarfe har da shafa masa shuɗin fenti. Injin da za a zura cikin ramin ya turo ruwan sama, shi ne ba a kawo ba. Ma'aikata suka kwashe kayansu suka ce sai bayan salla. Salla huɗu ta wuce. Awaki suka mai da dakalin wurin kwanciya, mata kuwa suka ci gaba da ja daga tsohuwar rijiyar bakin fadama, wadda in bazara ta tsaya ruwanta kan koma kamar kunun kanwa. Bara, kafin damina ta sauka, gudawa ta ɗauke yara uku a garin. Aka ce kwana ne ya ƙare, aka yi sadaka, aka koma rijiyar.

Rahama ɗiyar garin ce. Ta yi shekara uku a Maraɗi tana koyon zane da ordinata, wato kwamfuta, ta dawo ta kama aiki a Madarunfa, a shagon Hamisu mai buga takardu, inda take yini tana shirya katin biki da hoton katin ɗan ƙasa. A nan Shu'aibu ya same ta wata safiyar Litinin. Shi ne wakilin ɗan kwangilar da ya bar famfon a bushe, mutum mai fara'a, wanda ba ya shiga wuri sai ya gaishe da kowa da sunansa. Ya ce ƙungiyar da ta ɗauki nauyin aikin tana son hoto mai nuna yadda wurin zai kasance ranar da ruwa ya zo, da sun gani za su saki injin. Ya ji an ce ita tana iya zana abin da babu har ya yi kamar akwai.

Ba ta son mutumin. Amma ta tuna wuyan mahaifiyarta, wanda shekara talatin na ɗaukar tulu ya kantare shi gefe guda, sai ta ce za ta yi.

Ranar Juma'a ta hau kabu-kabu zuwa gida, ta ɗauki hoton dakalin da waya ta kowace kusurwa, da rana tsaka da kuma bayan la'asar. Ta shiga ɗakin mahaifiyarta, Inna Saratu, ta sauko da kofin gilashi daga saman jere. Shi kaɗai ya rage cikin shida da marigayi babanta ya taɓa sayowa daga Jibiya, kuma bakinsa ya ɗan ɓalle a gefe ɗaya. Inna ta ce ta bi shi a hankali, ba na wasa ba ne.

Dabararta mai sauƙin faɗi ce. Za ta bar hoton dakalin na gaskiya yadda yake, ta ƙera ruwa da kofi a cikin manhaja, ta dasa su a ciki: famfo yana zuba, kofi cike a kan siminti. Sai dai duk wanda ya taɓa wannan aiki ya san ruwa da gilashi sun fi komai taurin kai, don ba su da launin kansu, aron abin da ke kewaye da su suke yi. Haske in ya shiga ruwa karkacewa yake, shi ya sa muciya ke zama kamar ta karye in an tsoma ta a randa. Kowane abu da gwargwadon karkatarsa. Ta ba ruwa lambarsa, ɗaya da ɗigo talatin da uku, ta ba gilashi tasa, ɗaya da rabi. Ta auna kaurin gindin kofin da na bangonsa da zare. Ta koya wa na'urar inda ranar Tudun Ƙirya ke tsayawa da ƙarfe huɗu, da jan ƙasar da ke maido da haske daga ƙasa.

Ordinatar tsohuwa ce, batirinta ya mutu, ba ta aiki sai a jone. Rahama kan ɗora ta kan bulo biyu ta saita mata fanka. In ta ba da umarni, hoton kan fito da farko kamar an watsa tsaki a faifai, sannan ɗigon su riƙa narkewa sannu a hankali, awa uku, awa huɗu. Sau biyu kuran, wato wutar lantarki, yana ɗaukewa saura ƙiris, ta koma farko. Hamisu ya ce da ita, da jakar da ke jawo ruwa daga tabki, bai san wadda ta fi wahala a kan ruwa ba.

Bayan kwana goma ta kai wa Inna hoton a waya. Tsohuwar ta nisantar da shi daga idonta, ta daɗe tana kallo, ta miƙo mata.

"Ya yi kyau. Amma wanga ba ruwa ba ne."

"To mene ne, Inna?"

"Ina na sani? Ke kin taɓa ganin famfo yana zuba ƙasansa a bushe? Ina caɓi? Ina sawun awaki? Ko ƙudan zuma guda babu. Kofin ga kuma, ba wanda ya taɓa kai shi baki."

Rahama ta ji haushi, don ta san gaskiya ce. Ta ajiye kofin a tabarma cike da ruwan leda, ta zauna gabansa yini guda kamar mai jinya. Ta ga yadda ruwan ke ɗan hawa jikin gilashin a gefe, kamar yana son fita. Ta ga ƙananan kumfa da suka manne a bango. Ta ga abin da ya fi ba ta mamaki: a tsakiyar inuwar kofin akwai wani haske mai siffar jinjirin wata, wanda ruwan ya tattaro ya zuba a kan tabarma, yana rawa in an taɓa kofin. Ta koma shago ta sa duk wannan. Ta ɓalle bakin kofin a daidai inda na gaskiya ya ɓalle. Ta dangwala babban yatsanta a man gyaɗa, ta danna a gilashi, ta ɗauki hoton shatin ta liƙa shi a jikin kofin zane. Ta jiƙa ƙasar gindin famfon, ta taka ta da sawun akuya, ta sa ƙuda ɗaya a bakin siminti.

Da Inna ta ga wannan, sai ta haɗiyi miyau. Ta tashi ta nufi randa.

A ƙasan hoton Rahama ta rubuta da manyan baƙaƙe, da Hausa da Faransanci, cewa wannan zane ne na abin da ake fata, ruwa bai zo ba tukuna. Shu'aibu ya karɓa ya yi ta sa albarka.

Sati shida ba labari. Rannan ya turo rahoto kwafi biyar a ɗinke masa, don shagon Hamisu ne kaɗai ke da injin ɗinkin takarda a kusa. Rahama ce ta buɗe ambulan. Hoton da ta zana ne a bangon rahoton, an yanke rubutun ƙasan, an maye shi da wani: aiki ya kammala, jama'a na shan ruwa mai tsabta. Ta karanta har shafin ƙarshe a tsaye. Akwai jerin garuruwan da suka samu ruwa, waɗanda za a cire daga lissafin masu jira da zarar mai bincike ta gani ta sa hannu. Tudun Ƙirya ne na huɗu.

Da ya zo karɓa ta tare shi a ƙofa. Bai ko ji kunya ba. Ya ce haka ake aikin, takarda ke gaba inji na biye, in ba a rufe wannan dosiye ba ba za a buɗe na gaba ba. Ya ce injin yana nan tafe bayan salla.

"Wace sallar?"

"Kai, Malama injiniya, ba ki da haƙuri," ya ce yana dariya. "Ai laifinki ne da kika iya aiki. Ni kaina da na gani sai da na ji ƙishirwa."

Daga bakinsa ta ji cewa mai binciken, wata Madam Farida, za ta zo ranar Talata.

Ta tafi wurin mai gari, Alhassan, wanda yayan mahaifiyarta ne. Ta durƙusa ta faɗa masa komai, ta nuna masa cewa in matar nan ta sa hannu, an gama da su, ba wanda zai sake waiwayar garin da takarda ta ce yana da ruwa. Ya saurara yana jan carbi. Ya ce Shu'aibu ɗan mutunci ne, ya zo gaisuwar yaran nan uku da kansa. Ya ce ba a tozarta mutum gaban baƙi, kuma wanda ya gina maka tanki ba ka fara shi da ƙara. Ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Rahama ta fito daga zauren. Abin da ke ƙona ta shi ne kawunta ba azzalumi ba ne, ba a kuma toshe masa baki da komai ba. Ɗaya daga cikin yaran da suka mutu jikansa ne. Kawai dai an haife shi an tarar ana cewa lafiya lau, ko da gawa na kwance a ɗaki, shi ma a haka zai mutu.

A hanya dabara ta zo mata. Ba sai kowa ya yi magana ba. Baƙo duk inda ya sauka, kafin gaisuwa ta yi nisa, ruwa ake fara miƙa masa. Ita za ta kai ruwan. Za ta cika kofin nan na cikin hoton da ruwan rijiyarsu, ta ajiye gaban matar, ido ya yi sauran aikin.

Talata ta zo da zafi mai narka kwalta. Tun da hantsi Rahama ta ga amalanken jaki a gindin tanki, ana juye jarka biyu a ƙasan famfon. Kafin azahar awaki sun zo sun lashe, sun tattake wurin. Ta tsaya tana kallon caɓin da sawun. Daga hotonta aka kwafe su.

Farar mota ta iso bayan azahar. Madam Farida doguwa ce mai tabarau, gumi ya jiƙa mata ɗankwali, ga alama tun asuba take kan hanya. Gari bakwai aka ba ta a yini ɗaya. Ta zagaya dakalin, ta murɗa kan famfo ɗaya, ya yi tsit. Shu'aibu ya ce safe da yamma ake buɗewa don tanki ya samu ya cika, mai riƙe da makullin kuma ya tafi Gabi ta'aziyya. Ya nuna mata danshin ƙasa. Ta duba, ta rubuta wani abu, aka wuce zauren mai gari.

A cikin gida Rahama ta tsoma moɗa a randa ta cika kofin. Ruwan ya tsaya a ciki ja-ja, wani siririn abu na yawo a tsakiya, ko yatsanta ba ta hangowa ta ɗaya gefen. Ta sa kofin cikin langa ta rufe saboda ƙuda. Inna na zaune tana tsince wake, ta ɗago ta dube ta sama da ƙasa, ta ce ba za ta fita gaban manyan baƙi da hijabi mai tabon tawada ba, ta shiga ta sauya. Rahama ta shiga ta fito, ta ɗauki langar da hannu biyu.

Zauren cike yake da dattawa. Ta durƙusa gaban baƙuwar, ta ajiye, ta ce sannu da zuwa, ta ɗaga murfin.

Ruwan garau yake kamar hawaye.

Madam Farida ta yi bisimilla ta shanye rabi, ta sauke ajiyar zuciya, ta ajiye kofin a tabarma. Hasken ƙofa ya ratsa shi. A tsakiyar inuwarsa jinjirin watan nan ya fito yana rawa, daidai yadda Rahama ta yi kwana da kwanaki tana koya wa na'ura. Matar ta ƙura wa kofin ido, ta jawo rahoton daga jaka, ta kara bangon kusa da shi. Ta taɓa ɓallin bakin da farce, ta yi murmushi karo na farko tun saukarta, ta ce ashe ma ga mai hoton nan da kansa.

Rahama ta ji muryarta ta fita kafin ta yi shawara.

"Madam, hoton nan zane ne. Ni na yi shi da ordinata. Famfon nan bai taɓa kawo ruwa ba, ko sau ɗaya."

Wani dattijo ya yi gyaran murya. Rahama ta ciro waya, ta nuna hotunan dakalin a bushe, awaki kwance a kai. Shu'aibu ya leƙa, ya ce sosai, haka wurin yake kafin a gama aiki. Ya ce yarinyar haziƙa ce, ita ta gyara musu hasken hoton, sai dai jinin ƙuruciya, ga boko, tana son komai ya zama kamar Yamai a kwana ɗaya.

Madam Farida ba sakarya ba ce. Ta cire tabarau ta sake duban hoton da kyau. Ta ce ta ga zanen ordinata ba adadi, kullum sai ka tarar sun cika tsabta, kamar ba a duniya ba. Wannan kuwa ga ƙuda, ga shatin yatsa, ga kofin a gabanta. Duk da haka ta juya wurin mai gari, ta rage murya, ta tambaye shi tsakani da Allah ko suna da wata damuwa game da ruwa.

Rahama ta dubi kawunta. Shi tabarma yake kallo. Ya dubi Shu'aibu, ya dubi dattawan, ya dubi baƙuwar da ta sha ruwan gidansa.

"Sai godiya, Madam," ya ce. "Alhamdu lillahi."

"Rijiyar tana nan kusa," in ji Rahama. "Tafiyar minti goma ce. Ki zo ki ga abin da mata ke ja yanzun nan."

"Tashi ki shiga gida," in ji kawunta, bai ɗaga murya ba.

Direba ya danna oda a waje. Matar ta duba agogo, saura gari uku, ga hanyar garin Sarkin Yamma da yashi. Ta ce wa Rahama cikin taushi, in akwai ƙorafi gari ya rubuto, da hatimin mai gari, za a duba. Ta ɗora takardar a gwiwa ta sa hannu, ta shanye sauran ruwan, ta yi godiya da karamci.

Rahama ta tarar da Inna a tsakar gida, ledojin ruwa biyu da aka yage suna gefen murhu. Tun jiya ta aika aka sayo su daga Madarunfa, ta ɓoye a ƙarƙashin gado cikin jiƙaƙƙen tsumma.

"Inna, kin san abin da kika yi?"

"Na sani. Na ba baƙuwa ruwa."

"Kin kashe mu."

"A'a. Ke kika so ki kashe ɗiyar mutane. Cikinta bai saba ba. Ta sha wancan ta kwanta a hanya, alhakin a wuyan wa? Kuma a tafi da labari har Yamai, a ce a gidan Saratu aka miƙa wa baƙuwa abin da jaki sai ya hura kafin ya sha?"

"Ba sha za ta yi ba. Gani kawai za ta yi."

"Wanda aka miƙa wa ruwa sha yake yi. Matar ga mai kunya ce, na gan ta. Da ta rufe ido ta shanye don kar ta ba mu kunya."

Rahama ta san mai yiwuwa haka ɗin ne. Ta tambaya ina ruwan da ta zuba. Inna ta nuna randa da haɓa. Ta mayar da shi ciki, ba a zubar da ruwa a bazara.

Washegari Rahama ta rubuta takardar ƙorafin, shafi biyu, ta buga a shago ta kawo wa kawunta. Ya sa aka karanta masa, ya gyaɗa kai, ya ce an yi rubutu mai kyau. Ya ɗaga gefen buzunsa ya tura ta ƙarƙashi, ya ce a bari a ga abin da Shu'aibu zai yi bayan salla, kar a yi gaggawa. Ta koma sau uku. A na ukun ta hango gefen takardar ya leƙo daga ƙarƙashin buzun, gara ta fara ci.

Da sabon jerin masu jiran ruwa ya fito, aka liƙa shi a allon ma'aikata a Madarunfa. Ta bi shi da yatsa daga sama har ƙasa, sau biyu. Babu Tudun Ƙirya.

Ranar Juma'ar nan ta koma gida ta tarar Inna ta wanke kofin ta mayar saman jere, ta kife shi a kan ɗan tsumma. Tsohuwar na ɗaure guga, tana cewa rijiyar ta ƙara yin ƙasa, sai an ƙara igiya gaba biyu. Rahama ta ajiye jakarta, ta karɓi tulun daga hannunta, suka kama hanyar fadama. Sai da suka wuce ta gindin shuɗin tankin. Caɓin ya daɗe da bushewa, amma sawun awakin na nan daskare a ƙasa.